Bayan sallama daga babban asibitin Damagaram: ina za a kai mara lafiya ya ƙarasa jinya?

Idan likita ya sa hannu a takardar sallama, abin da yake nufi shi ne haɗarin gaggawa ya wuce kuma wani na jiran gadon. Sauran aikin yana nan gaba. Dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, ɗan kabu-kabun da aka sa wa ƙarfe a cinya, matar da aka yanke wa ƙafa saboda ciwon sukari, yaron da ya ƙone da ruwan zafi, duk suna fita da makonni ko watanni na wankin ciwo, allura, juyawa a gado da koyon tafiya. A karkarar jiharmu ba a saba da wani gida na musamman da ke tsakanin babban asibiti da gida ba, don haka iyali ne ke yanke shawara, galibi a tsaye a bakin ƙofar asibiti, da kaya a hannu.

Hanyoyin da ke gaban yawancin iyalai huɗu ne: a kwantar da shi a asibitin gunduma mafi kusa da garinsu, a zauna cikin birni a riƙa kai shi babban asibiti wurin kine (mai aikin motsa gaɓoɓi da dawo da ƙarfin jiki), a koma gida a jingina da CSI (ƙaramin asibitin gwamnati na gari ko unguwa), ko a biya kilinik mai zaman kanta ko ma'aikacin jinya da zai riƙa zuwa gida.

Abin da za a auna kafin a zaɓa

Na farko shi ne a raba buƙata gida biyu, don nan ne aka fi yin kuskure. Akwai aikin jinya da sai hannun wanda ya koya: wanke ciwo mai zurfi, allura ta jijiya, ƙarin ruwa, canza sondin fitsari (robar fitar da fitsari), sa robar abinci ta hanci, gwada sukari a daidaita insulin. Akwai kuma aikin dawo da ƙarfin jiki, wato na kine: motsa gaɓoɓi don kada su sandare, koyar da zama, tsayuwa, tafiya da sanda, amfani da hannun da ya mutu. Wuri na iya ƙwarewa a ɗaya ya rasa ɗayan gaba ɗaya. Kafin a fita, a tambayi likita kai tsaye: a makonni biyu masu zuwa, wanne daga ciki ne mara lafiyar nan ba zai iya rasawa ba, kuma sau nawa a mako?

Na biyu, nisa, kuma a auna shi da awoyi, a daminar da ta fi muni. Miriya kimanin kilomita 20 ce daga birni. Matamaye da Magarya suna tsakanin 80 da 100. Tanut da Gure sun haura 130. Amma ƙauyen da ke kilomita 25 daga kwalta, bayan ruwan watan Agusta, yana iya fin Gure nisa ga wanda ba ya iya zama a kan babur.

Na uku, kuɗi. Kuɗin gado shi ne ƙarami a lissafin. Abin da ke cinye aljihu shi ne odonansi (magungunan da likita ya rubuta), kayan pansama (na wankin ciwo da ɗauri), abincin mara lafiya da na mai jinya, kuɗin mota, da gonar ko sana'ar da aka bari. Tun daga watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin ayyukan asibitocinta da rabi, kuma yara ƴan ƙasa da shekara biyar suna cikin tsarin kyauta tun 2006. Wannan ya sauƙaƙa kuɗin ganin likita da na kwanciya, amma bai taɓa farashin farmasin waje ba, bai taɓa kuɗin mota ba.

Na huɗu, ɗorewa. Tsarin da ya yi kyau kwana goma ya rushe a na sha ɗaya bai amfani mai shanyewar jiki ba, don shi yawancin abin da zai dawo masa yana dawowa ne a watanni uku na farko, ya ci gaba a hankali har wata shida da bayansa. Karayar cinya a babba tana son wata uku zuwa huɗu. A tambayi kai: wa zai zauna da shi duk wannan lokaci, wa zai canji wannan mutum idan ya gaji?

Na ƙarshe, wurin kwanan kansa: ruwa, inuwa, katifa, makewayi. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san yadda ruwa ke ƙaranci a watannin Afrilu da Mayu. Mara lafiyar da ba ya riƙe fitsari yana buƙatar wanki sau da yawa a rana, kuma fatar da ta kwana cikin danshi da zafi ba ta daɗewa take buɗewa.

Asibitin gunduma

Ƙarfinsa a aikin jinya yake. Akwai likita, akwai ma'aikatan jinya dare da rana, akwai ɗakin gwaji da ke iya duba zazzaɓin cizon sauro, yawan jini da sukari, kuma idan abu ya lalace akwai hanyar mayar da mara lafiya babban asibiti da takarda, sau da yawa da ambilans, ko da yake iyali su shirya wa kuɗin mai. Ga wanda ke da sauran allurar kwana bakwai ko goma ta jijiya, ko ciwon tiyata da ke fitar da ruwa ana wanke shi kullum, ko sukarin da bai zauna ba bayan yanke ƙafa, wannan shi ne wurin da ya fi dacewa. Dangi na iya zuwa da abinci daga gida su koma, wanda a birni ba zai yiwu ba.

Rauninsa shi ne kine. Masu wannan aiki kaɗan ne a ƙasar, kuma sun taru a manyan birane. Kada a ɗauka akwai shi a asibitin gunduma. A buga waya a tambaya tun mara lafiya yana babban asibiti. Inda babu, ma'aikatan jinya za su ba da magani su wanke ciwo, amma ba su da lokacin zama rabin awa suna lanƙwasa gwiwa da miƙe yatsu. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya kwanta makonni uku, ciwonsa ya warke tas, ya tashi da gwiwa a lanƙwashe da ƙafa a sake tana kallon ƙasa. Maganin wannan a hannun mai jinya yake: a roƙi kine na babban asibiti ya nuna masa motsin da za a riƙa yi, ya yi a gabansa sau biyu ko uku har hannunsa ya faɗa, a ɗauki bidiyo da waya.

Akwai kuma maganar lokaci. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro yana cika asibitocin gundumomi, musamman ɓangaren yara, kuma hankalin ma'aikata yana kan masu gaggawa. Wanda ya zo don jinya mai tsawo yana iya samun kansa a baya a layi, ko a sallame shi da wuri. Asibitin gunduma ba a gina shi don zaman wata uku ba. A ɗauke shi a matsayin zangon mako ɗaya zuwa uku.

Abu guda da ba a wasa da shi: a tafi da takardar da likitan babban asibiti ya rubuta wa na gunduma, mai ɗauke da sunan cuta, aikin da aka yi, magunguna da adadinsu, ranar cire zare, ranar canza sondi da ranar randebu, wato ranar komawa ganin likita. A haɗa da hotunan ƙashi da karne, wato littafin asibiti na mara lafiya. Idan aka je babu su, sai a sake gwaje-gwajen da aka riga aka biya, ko a ci gaba da maganin da ya kamata a tsayar.

Zama cikin birni ana zuwa wurin kine

A nan ne ake samun abin da sauran wuraren ba su da shi. Babban asibitin Damagaram yana da sashen kine da wurin ƙera ƙafar roba da takalman gyara, kuma likitan da ya yi tiyatar yana kusa idan wani abu ya taso. Ga mai shanyewar ɓarin jiki da ya farfaɗo yana gane mutane, yana haɗiye abinci, yana iya zama idan an tallafe shi, babu abin da ya kai makonnin farko a hannun kine daraja. Haka ga wanda aka yanke wa ƙafa kuma ana son ya samu ta roba: sai an ɗaure dungun da bandeji mai talewa ta hanyar da ta dace har ya motse, an hana gwiwa lanƙwashewa, an auna, an gwada, an gyara. Wannan zirga-zirga ce da ba ta yiwuwa daga ƙauye mai nisa.

Lissafinsa a yi shi a takarda. Idan kine ya ce sau uku a mako har makonni takwas, zuwa 24 ke nan, hawa adaidaita 48, kuma mara lafiyar da ba ya tsayuwa yana son mutum biyu su ɗaga shi kowane hawa. A ƙara kuɗin kowane zama, abinci a birni inda komai saye ne, da ruwan ƴan garuwa idan famfo ya ɗauke. Wanda ke da ɗan'uwa a unguwar Birni, Zango ko Sabon Gari ya rage kuɗin haya, amma a yi magana a fili tun farko kan tsawon zaman da wanda zai ɗauki cefane. Zaman da aka fara da "ai gida ne" ba tare da an faɗi wata nawa ba, shi ne ke yankewa a tsakiya, a kwashe mara lafiya a koma ƙauye daidai lokacin da ya fara taka ƙafa.

Haɗarin wannan hanya a tsakanin ranakun zuwa yake. Zama uku a mako bai kai awa uku ba. Sauran awoyin mako duk a gida ne. Idan ba a maimaita motsin safe da yamma, ci gaban kaɗan ne. Kuma babu ma'aikacin jinya a gidan da dare. Wanda har yanzu yana da sondi, ko ciwo buɗaɗɗe, sai an haɗa masa da CSI na unguwa.

Komawa gida a jingina da CSI

Wannan shi ne abin da mafi yawan iyalai ke yi, wasu da zaɓi, wasu don babu yadda za su yi. Ya fi araha, ya fi ɗorewa, mara lafiya yana cikin mutanensa yana jin kiran sallar masallacin da ya sani, yana cin abin da ya saba, masu jinya suna da yawa suna karɓa-karɓa. Tsofaffi da yawa da suka rikice a asibiti hankalinsu yana dawowa a gida. Amma nan ne kuma aka fi rasa mutane a kan abubuwan da ake iya hanawa, don haka za a daɗe a kansa.

Da farko a san me ke kusa. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na CSI, yana iya wanke ciwo, cire zare, yin allura, auna tansiyo (hawan jini), a wurare da yawa har canza sondi. Ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye bai kai nan ba. A je a gaishe da majo da takardar sallama tun ranar da aka iso, a daidaita ranakun da za a kawo mara lafiya ko da shi zai leƙo, a karɓi lambarsa.

Sai gyambon kwanciya. Wanda ba ya juya kansa, a juya shi duk awa biyu, dare da rana: gefen dama, baya, gefen hagu. Idan an kwantar da shi a gefe, kada a ɗora shi kai tsaye a kan ƙashin kwatangwalo. A karkata shi kaɗan a tokare bayansa da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi. Diddige kada su taɓa katifa, a sa matashi ƙarƙashin sha-raɓa su rataya. Kullum da safe a duba ƙugu ta baya, kwatangwalo, diddige, kafaɗa da ƙeya. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Abin da za a gani shi ne wuri ya yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi sheƙi. A taɓa da bayan hannu, za a ji ya fi zafi ko ya yi tauri. Daga ranar kada a sake kwantar da shi a kan wurin, kuma kada a murza. Tabarma a kan daɓe ba ta isa ba. A nemi katifar soso mai kauri, a rufe ta da leda, a shimfiɗa zanen auduga mai kauri a kai ba tare da tattara ba, don fatar kada ta haɗu da ledar. Ɗaga shi ake yi da zane, mutum biyu, ba ja ba. Idan gyambo ya buɗe, ana wanke shi da ruwan gishiri na farmasi, ko lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa da giram 9 na gishiri ya huce. Ba a barbaɗa garin kafso, toka ko garin magani. Gyambon da ya yi baƙi, ya yi rami ko yana wari ya wuce aikin gida.

Sai ciyarwa, ga mai shanyewar jiki musamman. Abin da ke kashe da yawa a watan farko shi ne abinci ya bi hanyar iska ya zama ciwon huhu. A zaunar da shi sosai, kai a ɗan sunkuye gaba, a ba shi da ƙaramin cokali ta gefen bakin da ke aiki. A zuba ido a maƙogwaro a ga ya hau ya sauka kafin a ƙara. Kunu mai kauri ya fi ruwa zalla sauƙin haɗiya. Ruwa ne ya fi saurin shaƙewa. Tari lokacin ci, ko murya ta koma kamar akwai ruwa a ciki, alama ce a tsaya a sanar da majo. Bayan ci a duba kumatu ko abinci ya maƙale, a goge bakin, a bar shi a zaune rabin awa. Ba a ɗura wa wanda ke kwance ko mai gyangyaɗi komai, ko ruwan rubutu ne. A shafa masa.

Sondin fitsari: jakar ta zauna ƙasa da mara koyaushe, ba a ƙasa cikin ƙura ba, a zubar kafin ta cika, a wanke hannu kafin da bayan. Na roba na yau da kullum ana canza shi tsakanin mako biyu zuwa huɗu, na silikon yana daɗewa fiye da haka; ranar tana cikin takarda. Idan fitsari ya tsaya awoyi kuma mara ta kumbura, a fara duba ko robar ta lanƙwashe. Idan ba haka ba ne, a nemi majo a ranar.

Motsa gaɓoɓi: kowace gaɓa, daga kafaɗa zuwa yatsun ƙafa, a lanƙwasa a miƙe sau goma, safe da yamma, a hankali, a tsaya inda ciwo ya fara. Ba a taɓa jan mara lafiya ta hannun da ya shanye, don kafaɗar tana gocewa kuma ciwonta yana hana duk wani motsi daga baya. A bar shi ya yi abin da zai iya da kansa ko da zai ɗauki lokaci. Tausayin da ke sa a yi masa komai yana jinkirta tashinsa. Wanda aka yanke wa ƙafa ƙasa da gwiwa kada a sa masa matashi ƙarƙashin gwiwar, kuma ya riƙa kwanciya rub da ciki na ɗan lokaci kullum idan likita bai hana ba.

Magani kuma a lissafa shi kafin a bar birni. Maganin hawan jini ba a tsayar da shi don an ji sauƙi. Tsayar da shi yana iya kawo shanyewa ta biyu. A sayi na wata guda aƙalla, a san inda za a samo na gaba. Insulin ba ya son zafi: inda babu firji, a sa kwalbar cikin leda a ɗaure, a ajiye cikin ƙaramar tukunyar ƙasa da ke cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Mai insulin da ya kama gumi, rawar jiki ko ruɗewa, a ba shi ruwan sukari nan take idan yana iya haɗiya.

Alamomin da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi da ya kai digiri 38 tare da ciwo na fitar da mugunya, numfashi sama-sama, sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, yatsun da ke cikin filasta sun yi sanyi, sun canza launi ko sun mutu, baki ya sake karkacewa ko magana ta sake ɗaukewa, barcin da ba a iya tayar da shi. A tanadi kuɗin mota a gefe da lambar direban da zai fito da dare, tun ranar farko.

Maganar maɗori ba za a tsallake ta ba, don kusan kowane gida za a kawo ta. Ƙashin da aka riga aka sa wa ƙarfe ba a ja, ba a murɗa, ba a ɗaure shi da karare. Karayar da ke da ciwo a kai, ɗauri mai tsanani yana iya toshe jini har a rasa gaɓar. Gashi da ruwan zafi ko garwashi a ɓarin da ya shanye ko ƙafar mai sukari yana ƙona fata mutum bai ji ba.

Kilinik mai zaman kanta ko ma'aikacin jinya a gida

Sauƙinsa a bayyane yake: babu dogon layi, ɗaki ya fi natsuwa, ma'aikaci yana zuwa a kan lokacin da aka tsayar. Tsadarsa ma a bayyane take, kuma ragin kuɗin asibitocin gwamnati bai shafe shi ba. Yana da amfani ga aiki mai iyaka, kamar allurar kwana biyar ko wankin ciwo na mako biyu ga wanda ɗaga shi zuwa asibiti wahala ce. Ga jinyar watanni, kuɗi kan ƙare kafin jiki ya dawo. A tabbata wanda za a ɗauko ma'aikacin jinya ne ko kine mai takardar shaida, ba mai tausa ko mai sayar da magani a kasuwa ba. A tambayi inda yake aiki. Ya bi odonansin likita, ya buɗe sabuwar allura a gaban ku, ya rubuta abin da ya yi a karne. Wanda ya zo yana ƙara serum (ƙarin ruwa) da alluran ƙarfin jiki da babu su a takarda, a sallame shi. A wajen birni da manyan garuruwan gundumomi wannan hanya kusan babu ita.

| | Asibitin gunduma | Birni da kine | Gida da CSI | Mai zaman kansa |
|---|---|---|---|---|
| Aikin jinya | Mai ƙarfi, dare da rana | Sai an haɗa da CSI | Gwargwadon kusancin majo | Mai kyau idan ƙwararre ne |
| Kine | Da wuya, a tambaya | Mafi kyau | Abin da iyali suka koya | Akwai a birni, da tsada |
| Kuɗi | Matsakaici | Mai yawa: mota, abinci, masauki | Mafi ƙanƙanta | Mafi yawa |
| Ɗorewa | Mako 1 zuwa 3 | Wata 1 zuwa 3 idan akwai masauki | Watanni | Gwargwadon aljihu |
| Nauyi a kan iyali | Mai jinya ɗaya a asibiti | Mutum biyu masu ƙarfi | Dukan gida | Kaɗan |
| Babban haɗari | Sandarewar gaɓoɓi | Yankewa a tsakiya | Gyambo, shaƙewa, jinkirin komawa | Wanda bai ƙware ba |

Wa ya dace da wanne

Mai shanyewar ɓarin jiki da ke farke, yana haɗiya, yana ƙoƙarin motsi: birni da kine, tun makon farko, ko da wata ɗaya kawai iyali za su iya. Idan kuɗin na wata ɗaya ne, a kashe shi a watan farko. Daga nan a koma gida da motsin da aka koya, a riƙa dawowa randebu, CSI na auna tansiyo.

Mai shanyewa mai nauyi, da robar abinci a hanci da sondi, ba ya juya kansa: asibitin gunduma tukuna, har masu jinya biyu aƙalla su iya juyawa, ciyarwa da kula da sondi a gaban ma'aikata. Sannan gida, in dai CSI yana kusa kuma an tanadi katifa. Jigilar irin wannan mara lafiya a adaidaita sau uku a mako ta fi cutar da shi.

Wanda aka sa wa ƙarfe a cinya ko ƙwauri, ciwon tiyata a bushe: ya zauna kusa har a cire zare, yawanci cikin mako biyu, kine ya koya masa tafiya da sanduna da nauyin da aka yarda ya ɗora wa ƙafar. Bayan haka gida ya isa, da sharaɗin dawowa ɗaukar hoto a ranar da aka ba shi, kuma ba hawa babur a matsayin direba sai likita ya ce. Idan ciwon yana ruwa, asibitin gunduma.

Wanda aka yanke wa ƙafa saboda sukari: asibitin gunduma har ciwo ya rufe sukari ya zauna, sai birni don ɗaurin dungu da awon ƙafar roba. A riƙa duba ɗaya ƙafar kullum, har tsakanin yatsu.

Yaron da ya ƙone a hannu, wuya, hammata ko bayan gwiwa: birni, don fatar tana tsukewa yayin warkewa ta riƙe gaɓar, kuma sai kine da abin miƙewa ke hana wannan. Ƙunar da ba ta kan gaɓa, wankinta a asibitin gunduma ya wadatar.

Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa ko wanda aka yi wa aikin ciki ba tare da matsala ba: gida da CSI, ta riƙa tashi tana tafiya kaɗan-kaɗan, ba daka, ba ɗaukar ruwa har mako shida aƙalla.

Tsohon da likita ya ce babu sauran magani sai kulawa: gida, cikin ƴaƴa da jikoki, da maganin ciwo a wadace, da majo da ke leƙowa, da jadawalin juyawa a manne a bango da sunan wanda ke da kowace awa ta dare.